In muƙamuƙinka na ƙara wajen tauna: yadda ake hotonsa da yadda za ka gane abin da hoton ya nuna

Gwaggona ta kwashe kusan shekara tana ɗiga magani a kunne. Kullum kukanta kunnen dama, wai wani abu na motsi ciki in tana cin goro, kamar ana taka yashi da takalmi. An sayo mata maganin ɗigawa a kemis ya kai kala uku, har wajen masu duba kunne anka kai ta anka haska anka ce kunnen ƙalau yake ko datti babu. Ran nan na je gaishe ta unguwar Mabera a nan Sakkwato bayan la'asar sai na iske ta da magogi tana goga goro, matar da na taso na sani tana ɓara goro da haƙori ji kake ƙas. Na ce Gwaggo ku ɗan buɗe baki in gani. Na ɗora yatsu gaban kunnuwanta na ce ku buɗe ku rufe a hankali, sai ko na ji shi ƙarƙashin yatsana, ƙurus ƙurus. Na ce Gwaggo ai wanga ba kunne ba ne, muƙamuƙi ne. Ta dube ni ta ce kai ɗan nan, muƙamuƙi ma ciwo shikai?

Yana yi kam, kuma ciwon da zan yi magana a kansa shi ne amosanin gaɓar muƙamuƙi. Ni ba likita ba ne, aikina ɗakin hoto ne a asibiti, mu ne masu cewa kar ka motsa, kar ka haɗiye miyau. To irin hotunan da ke wucewa ta hannunmu da kuma yadda nake ganin mutum ya karɓi sakamako ya karanta kalma biyu na turanci jikinsa ya mutu tun bai ga likita ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wanga bayani, tun daga yadda za ka duba kanka a gida har zuwa yadda za ka kalli hoton ka gane wani abu.

Fara da sa yatsa. Ɗora manuninka gaban wannan ɗan tsokar da ke tare ƙofar kunne, sai ka buɗe baki. Abin da ka ji ya zame gaba ya bar ɗan rami, shi ne kan muƙamuƙi, likitoci na ce mishi kondail. Kamar kan ƙaramar taɓarya yake, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙoƙon kai, kuma tsakaninsu akwai wani ɗan faifan guringuntsi da ke aikin gammo, wato dai kar kaya su goge kai. In ka fara buɗe baki kan na juyawa ne a wurinsa, in ka ƙara wangalewa sai ya zame gaba shi da gammon su hau wani ɗan tudu na ƙashi. Gaɓoɓin biyu ne dama da hagu amma ƙashi ɗaya ya haɗa su, babu yadda ɗaya za ta motsa ɗaya na zaune, shi ya sa in ɗaya ta samu matsala tana iya shafar 'yar uwarta. Kuma ka tuna gaɓa ce da ba ta hutu, magana, tauna, haɗiya, hamma, karatu, har cikin barci wasu ba su barin ta.

Amosanin gaɓa shi ne in guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin ya fara cinyewa, gammon ya sirance ko ya goce ko ya huje, sai ƙashi ya fara ɗaukar nauyin da ba nashi ba, shi kuma sai ya shiga canza kama. Ciwon nan ɗaya ne da wanda ke kama gwiwar tsofaffinmu da muke cewa sanyin ƙashi, duk da dai ba sanyi ke kawo shi ba, hunturu na iya sa ka ƙara jin shi ne kawai. Ya fi kama mata, yana ƙaruwa da shekaru, amma kar ka ce na tsofaffi ne kaɗai don muna ganin 'yan mata da samari da shi. Abubuwan da ke taimaka mishi: tsohon bugu a haɓa (faɗuwa daga kabu-kabu na kan gaba a nan garin), gocewar gammon da ta daɗe, cije haƙora ko niƙa su cikin barci, da kuma ɗora wa gaɓar aikin da ya fi ƙarfinta shekara da shekaru.

Kafin ka tafi asibiti

Ka tsaya gaban madubi ka yi abu uku, zai rage maka dogon bayani gaban likita. Na farko jera yatsunka uku, manuni da na tsakiya da na zobe, ka sa su a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Babba mai lafiya bakinsa na buɗewa kusan milimita 40 zuwa 50, wato yatsu ukun nan na shiga. In biyu ne da ƙyar to buɗewar ta ragu. Na biyu kalli haɓarka lokacin da kake buɗewa a hankali, in tana karkata gefe ɗaya ka riƙe wane gefe ne, galibi wajen gaɓar da ke da matsala take zuwa don waccan ba ta zamewa gaba yadda ya kamata. Na uku shi ne ƙarar, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai ƙara guda ɗaya, ƙas, lokacin buɗewa wani lokaci da rufewa, wannan yawanci gammon ne ke gocewa yana komawa, mutane da yawa na da shi ba ciwo ba komai kuma ba ya buƙatar hoto. Akwai kuma ƙurus ƙurus mai tsawo kamar tsakuwa cikin shinkafa ko taka busasshen yashi, wannan shi ne wanda ya fi nuna amosani. Sai ka lura ko da safe muƙamuƙin na tashi a sandare na ɗan lokaci kafin ya saki, da wane abinci ke tada ciwon, da ko wani a gida ya taɓa ce maka kana niƙa haƙora da dare. Tambayi matarka, ko ke tambayi maigidan, su ne sunka fi sani.

Daga nan wajen likitan haƙori za ka nufa, ko masu aikin baki da muƙamuƙi da fuska, a nan Sakkwato akwai sashensu a asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo. Don Allah kar ka fara da hoto. Mutum ya zo da kuɗinsa a hannu wai a yi mishi hoton kai gaba ɗaya a ga abin da ke ciki, ba haka ake yi ba. Ciwon gefen fuska mafi yawansa ma na naman tauna ne ba na gaɓa ba, wani kuma ruɓaɓɓen haƙori ne ko haƙorin ƙarshe da ya maƙale, kuma ciwon nama ba ya fita a hoton ƙashi ko sau goma anka ɗauka. Likita ne zai latsa ya auna ya saurara sannan ya rubuta irin hoton da yake so da tambayar da yake son hoton ya amsa.

Hotunan kala-kala ne. Wanda aka fi farawa da shi shi ne hoton zagaye, a takarda za ka ga an rubuta OPG. Tsaye kake yi ka ciji wani ɗan roba, na'urar ta zagaye kanka cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ta fito da haƙora duka da muƙamuƙi a shimfiɗe kamar an warware tabarma. Yana da araha kuma yana da amfani wajen cire zargin haƙori ko karaya ko wani ƙari, amma wajen gaɓar kanta ba shi da ido sosai, ƙasusuwan gindin ƙoƙon kai na hawa kanta a hoton, sai lalacewar ta yi nisa take fita. Saboda haka in an ce hoton zagayenka lafiya lau, ba yana nufin gaɓar lafiya lau take ba.

Mai nuna surar ƙashi da gaske shi ne siti sikan (a takarda CT), wanda ke yanka hoton sala-sala kamar ana yanka albasa, ka ga kan muƙamuƙin ta gaba ta gefe ta sama ba abin da ya tare shi. Akwai ƙaninsa na masu haƙori da ake rubutawa CBCT, ya shigo aiki ƙarshen shekarun 1990, shi ma ƙashi yake nunawa tar kuma yawanci hasken da yake zuba wa jiki bai kai na babban siti ba. Sai hoton maganaɗisu, MRI, wanda ba ya amfani da hasken eksire ko kaɗan, shi ne mai nuna gammon, inda yake zaune da ko ya goce, da ruwan kumburi in ya taru cikin gaɓa. Ana ɗaukarsa baki rufe sannan baki buɗe, yana ɗaukar lokaci, ga ƙara kamar ana ƙira. A taƙaice in tambayar likita ƙashi ce siti, in gammo ce maganaɗisu. Ka tambaye shi inda ake yin wanda ya rubuta da kuɗinsa tun kana gabansa, musamman in daga Illela ko Tambuwal ko Goronyo ka taso, kar ka wuni kan kabu-kabu.

Ranar hoton a bar gwala-gwalai gida. 'Yan kunne, sarƙa, fil ɗin hijabi ko na ɗankwali, ribom mai ƙarfe, tabarau, haƙoran roba na cirewa, duk sai an cire, ƙarfe na watsa haske cikin hoton ya yi wasu zane-zane farare da baƙaƙe su rufe abin da ake nema, ɗan kunne kuwa dab da gaɓar yake. Haƙorin Makka ba sai an ɓamɓare shi ba Hajiya, ki dai faɗa muna yana nan. Mai ciki ko wadda ke zargin tana da shi ta faɗa kafin a kunna na'ura, ba abin kunya ba ne, in ma nauyin namiji kike ji ki nemi ma'aikaciya mace ki raɗa mata. Wajen maganaɗisu kuma dole a faɗi duk wani ƙarfe da ke cikin jiki, na'urar bugun zuciya, ƙarfen ɗori, ɓurɓushin harsashi ko na walda a ido, wannan ba wasa ba ne. In an ce ka haɗa haƙora to haɗa su yadda ka saba cizawa da na baya, kar ka turo haɓa gaba, don in ka turo, matsayin kan muƙamuƙin ya canza a hoton. Kuma kar ka motsa, motsi kaɗan na sa gefen ƙashi ya fito biyu-biyu har a zaci zaizaya ce. Ka tabbata an ɗauki ɓangare biyun. In an gama ka karɓi faifan CD ɗin ba takardar rahoto kaɗai ba, ka adana shi, hoton da ka ɗauka da waya daga allon kwamfuta ka tura WhatsApp ba ya isar likita.

Abin da ake dubawa a hoton

Nan ne zan ɗan daɗe. A hoton siti ƙashi fari ne, iska baƙa, nama toka-toka. Lafiyayyen kan muƙamuƙi in ka kalle shi ta gefe a mulmule yake, kuma akwai wani siririn layi fari da ya zagaye shi ba yankewa, kamar ɓawon ƙwai. Cikinsa toka-toka mai ɗan saƙa-saƙa. Samansa akwai wani fili mai duhu tsakaninsa da gurbin, ba wofi ba ne wurin, nan gammon yake zaune sai dai siti ba ya nuna shi. To duk abin da za a rubuta maka a rahoto, bayanin yadda wagga sura ta canza ne.

Akwai baje kai, wato wurin da ya kamata ya zama a mulmule ya koma a shafe, galibi ta gaba da sama inda nauyi ya fi sauka, kamar dutsen niƙa da ya sha aiki. Wani lokacin har tudun da yake hawa shi ma ya shafe. Akwai kanta, likita zai ce sikilarosis, wato farin layin nan ya yi kauri ko farin ya shiga cikin ƙashin. Ni kanta nake ce mata don haka take, yadda tafin hannun manomi ke tauri wurin riƙon kalme, haka ƙashi ke ƙara tauri inda ake danna shi. Waɗanga biyun ka riƙe su da kyau, don su kaɗai ba su isa a ce kana da amosani ba. Ƙa'idar da masana ciwon muƙamuƙi sunka fitar a 2014 ta ce bajewa ko kaurin ɓawon kawai na iya zama halitta, ko shekaru, ko ƙashin ne ya daidaita kansa da aikin da yake yi. Mutane da yawa sun sha kwana ba barci kan kalmar bajewa alhali ba komai.

Waɗanda ake kafa hujja da su huɗu ne, ko ɗaya aka gani ya isa. Zaizaya, wato farin layin ya yanke, gefen ƙashin ya yi gatsa-gatsa kamar bangon ƙasa da damina ta ci ko icen da gara ta taɓa, wannan ita ta fi nuna cewa ciwon na kan aiki yanzu. Sai tsiron ƙashi, ostiyofait, wani ɗan tsini ne da ke fitowa yawanci ta gaban kan muƙamuƙin, a hoton gefe sak bakin tsuntsu. In ka taɓa danna curin yumɓu da tafin hannu ka ga gefe ya fito, to kusan haka ne, jiki ne ke faɗaɗa wurin don nauyi ya rabu, kuma alama ce ta abin ya daɗe. Sai ɗan kogo, za a ce sist, wani baƙin ɗigo ne zagayayye ƙarƙashin ɓawon, wani lokaci da farin zobe kewaye da shi. Wallahi wagga kalma ta fi kowace tada hankali, mutum na jin ta sai ya ce daji, ba daji ba ne, wurin da ƙashi ya lalace ne ƙarƙashin inda ake dannawa. Na huɗu kantar da ta game kan duka, ya zama fari fat ba saƙa-saƙar nan. Bayan su za ka iya ganin an rubuta filin gaɓa ya tsuke, ma'ana gammon ya sirance ko ba ya wurinsa, ko an ga wani ɗan gutsuren ƙashi na yawo ciki, ko kuma kan ya gajarce gaba ɗaya.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, farin ɓawon nan ba a haihuwar mutum da shi cikakke a kan muƙamuƙi, sai an haura shekara 20 yake gama rufewa. To yarinya 'yar 15 in ba a ga layin sosai ba, ba lalle zaizaya ba ce, shi ya sa shekarun mai hoton ke da muhimmanci a takarda, kar a rage kar a ƙara.

Da munka kai hoton Gwaggo likitan ya buɗe shi a kwamfuta ya juyo mata allon. Dama, inda take kuka da shi, 'yar zaizaya ce ƙarama a saman kan. Hagu kuwa da ba ta taɓa cewa uffan a kansa ba, ya baje, ga kanta, ga bakin tsuntsu zaƙo-zaƙo. Ta ce likita ko dai kun juya hoton ne? Ya yi dariya ya ce a'a Hajiya, na hagun ya riga ya yi nashi ya gama tun tuni ya daidaita, na daman ne yanzu ke kan yi. Ya tambaye ta ko can baya ta taɓa ciwo a hagun, ta yi shiru sannan ta ce lalle lokacin goyon autanta ta yi wata biyu ba ta cin nama, ta zaci haƙori ne.

Wanga shi ne abin da nake so kowa ya ɗauka. Munin hoto da zafin ciwo ba su tafiya tare a wagga gaɓa. Za ka ga tsoho kan muƙamuƙinsa ya canza kama sarai yana cin tuwonsa ba ruwansa, ka ga matashiya hotonta kusan lafiya amma ba ta iya tauna burodi. Kuma ciwon a mafi yawan mutane yana yin zamaninsa ne, watanni ko 'yan shekaru, sannan ya lafa, farin ɓawon ma kan sake rufe inda ya zaizaye, sai dai surar ba ta komawa yadda take da, ƙarar ma tana iya zama har abada. Saboda haka in an ce maka magani zai mai da kan ƙashin mulmulalle, ka riƙe kuɗinka.

Inda canjin sura ke zama magana babba shi ne in ya taɓa cizo. Kan muƙamuƙi in ya gajarce a gefe ɗaya, turamen haƙoran wannan gefen ke fara haɗuwa, ɗaya gefen ya bar ɗan fili, haɓa ta karkata. In duka biyun ne sunka gajarce, haɓa na ja baya, haƙoran gaba su daina haɗuwa, mutum ya ga ba ya iya gutsurar albasa ko tsinke zare da haƙori kamar da. In ka lura da haka, musamman in cikin watanni kaɗan ya faru, kar ka jira, ka koma ka faɗa, don a nan likita zai so ya duba ko ba amosanin da ke kama gaɓoɓi da yawa ba ne irin mai kumbura yatsu, wanda ke buƙatar gwajin jini da magani daban.

Sai abin yi a gida, wanda shi ne rabin maganin ko fiye. A ba gaɓar hutu. Lokacin da ciwon ya tashi a ajiye rake, goruba, aya busasshiya, ƙuli-ƙuli, kilishi, ganda, cingam, da tauna ƙashin kaza da wasu ke ganin in ba su yi ba ba su ci nama ba. Goro a goga. Ga fura da nono, ga kunu, ga tuwo mai laushi da miyar kuka, fate, alala, ƙwai, kifi, dankali, nama kuma a dafa shi luguf a yanka ƙanana. Ba har abada ba, makonni ne, in ya lafa a dawo a hankali, don in an bar gaɓa ba aiki kwata-kwata ita ma sandarewa take. A riƙa tauna da ɓangare biyu. A jiƙa tawul da ruwan ɗumi a ɗora gaban kunne da kunci minti 15 zuwa 20 safe da dare, ɗumi na ce ba tafasasshe ba. In hamma ta zo a tallafe haɓa da hannu kar a wangale, dama addini ya koya muna danne ta iya iyawa. Sannan ka riƙa kama kanka da rana: in ba ci kake ba ko haɗiya, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su taɓa juna ba, leɓe rufe haƙora a sake. Masu tuƙi da masu danna waya da ɗalibai lokacin jarabawa, ku duba yanzu ma za ku ga kun cije. A daina maƙale waya tsakanin kafaɗa da kunne, a daina tagumi, a daina buɗe lemo da haƙori.

Magani kuwa, farasitamol na rage zafi, irin su ibuprofen da diclofenac na rage kumburi, amma na ɗan lokaci ne kuma bayan an ci abinci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, mai asma, mai ciki, kar ya sha sai likita ya ce. Haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya ba suna, ka guje shi, sau da yawa kala biyu na aiki iri ɗaya ne ciki, ciwon muƙamuƙi ya koma aman jini. Likitan haƙori na iya auna bakinka ya yi maka wata roba da ake sawa kan haƙora da dare don rage nauyi kan gaɓar, wadda anka auna da bakinka nake nufi ba ta kasuwa ba. Masu gashi da motsa jiki na asibiti na koya motsin buɗe baki a hankali. In duk an yi bai lafa ba akwai wankin gaɓa, allura biyu ake sawa gaban kunne bayan an kashe wurin a wanke cikin da ruwan asibiti, wani lokaci a zuba magani. Allurar sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, cikin gaɓa ba a yawan maimaita ta don tana iya ƙara cinye guringuntsin. Tiyata sai 'yan kaɗan ƙwarai. Kuma kar ka yarda a fara goge maka haƙora ko cire su wai don a gyara cizo tun ciwon na kan tashi. Ƙaho da sakiya da tsaga a gaban kunne kuma don Allah a bari, jijiyar da ke motsa fuska ta nan take wucewa.

Akwai lokutan da ba a zaman gashi da tawul. Kumburi da zazzaɓi, leɓe ko haɓa su mutu ba ka jin taɓi, baki ya ƙi buɗuwa kwatsam kwanaki bayan ƙusa ko kara ya soke ka (sarƙe-haƙora ke nan, gaggawa ce), ciwon muƙamuƙi da ke zuwa tare da nauyin ƙirji da zufa in ka yi tafiya, ko baki ya buɗe ya ƙi rufuwa. Duk waɗanga asibiti yau ba gobe ba. Yara kuma nasu daban ne. Yaron da ya faɗi kan haɓa ko ya yi ciwon kunne mai ruwa, daga baya kunka ga bakinsa na rage buɗewa, a kai shi da wuri, don a yara gaɓar na iya haɗewa da ƙoƙon kai ta zama ƙashi ɗaya, a hoto ba ka ganin filin nan mai duhu sai dunƙule fari, muƙamuƙin kuma ya daina girma. Cutar noma, mai cinye naman baki da fuskar yara, ita ma tana barin baki a ɗaure, mu nan mun san ta, asibitin yara masu noma na nan garin tun 1999.

Maimaita hoto ba kowane wata ba ne. Ƙashi a hankali yake canzawa kuma hasken siti ba abin sha kullum ba ne, sai in cizo ya canza, ko ciwo ya ƙi lafawa, ko za a yi wani aiki. In za a sake, ka zo da tsohon faifan a jera su. Gwaggo dai ba a sake mata ba. Wata huɗu tana gashi da robar dare, wadda da farko ta ce ita ba doki ba ce da za a sa mata linzami, yanzu yatsu uku na shiga, ƙurus ƙurus ɗin na nan amma ba zafi. Faifan na cikin kwallarta tare da katin zaɓe, magogin kuma ta ɗaure shi a bakin zane.